Akwai abinci a karatun halittun teku? Amsa ga wani matashi ɗan Agege

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A Agege aka haife ni, a nan na tashi, bana nake gama sakandare. Raina yana son karatun halittun teku da aikin kare su, amma Baba ya ce bai taɓa ganin Bahaushen da ya ci abinci da wannan ba, gara in nemi karatun harhaɗa magunguna ko in bi shi kasuwar Mile 12. Me ake karantawa, a ina, kuma wa yake ɗaukar mutum aiki idan ya gama?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar Baba ce ta fi nauyi a cikin tambayarka, kuma kada ka ɗauke ta maganar wanda bai san boko ba. Guraben aiki a wannan fanni ba su da yawa, kuma da wuya ka buɗe jarida ka ga an rubuta ana neman masanin halittun teku. Akwai waɗanda suka yi wannan digiri suna aikin banki yanzu, akwai masu sayar da waya a Ikeja. Amma akwai kuma waɗanda suke ci suke sha da shi, har suna riƙe da iyali, kuma na lura da abu ɗaya da ya haɗa su: kowannensu yana da wata sana'a a hannu wadda ake biyan kuɗi dominta. Wani ya iya auna ruwa ya faɗi abin da ke damunsa, wani ya iya gane ƙananan halittun cikin taɓo ɗaya bayan ɗaya, wani lissafin yawan kifi ya ƙware a kai, wani taswira yake zanawa daga hoton tauraron ɗan'adam. Takardar digiri ƙofa kawai take buɗewa. Duk abin da zan faɗa maka a kan wannan yake tafiya.

Da fari ka cire hoton talabijin daga kanka, wato mai nutso cikin ruwa garau yana shawagi tsakanin murjani da kifaye masu launi. Tekunmu ba haka take ba. Gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 853 daga Badagry zuwa iyakar Kamaru, kuma yawancinta yashi ne da laka da fadamu masu gishiri. Koguna suna kwararo ƙasa cikinta, ruwan ya yi duhu, shi ya sa ba mu da manyan duwatsun murjani irin na Bahar Maliya ko gaɓar Kenya. Abin da muke da shi, wanda babu ƙasar Afirka da ta kai mu, shi ne dajin mangurob, itatuwan nan masu saiwa a sarari da ke tsirowa cikin taɓo inda ruwan daɗi ya haɗu da na gishiri. A cikin saiwoyinsu jatan lande da ƙaguwa da 'ya'yan kifi suke girma kafin su fita teku. Wanda yake ƙyamar taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya nemi wani karatun.

Bari in kwatanta maka yadda aikin yake a lagun ɗin Legas, babban tafkin nan da kake gani idan ka hau gadar Third Mainland, don a nan yawancinmu muka koyi aiki. Ana fita da sassafe cikin kwalekwale mai inji, kowa da rigar kariya. An riga an tsayar da wuraren da za a tsaya, misali kusa da Oko-Baba inda aka daɗe ana zuba dusar katako, da bakin Makoko, da wajen Ikorodu, da mashigar jiragen ruwa ta Apapa. Duk inda aka tsaya, a auna zafin ruwa da gishirinsa da yawan iskar oksijin da ke narke a ciki. A saki wani farin faifai ɗaure da igiya a ga zurfin da zai kai kafin ido ya daina ganinsa, da haka ake sanin duhun ruwan. A ja wata 'yar raga mai laushi don kamo filankiton, ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda su ne tushen abincin duk wani kifi. Sannan a jefa wani ƙarfe mai baki biyu ya dumbuzo taɓon ƙasa, a tankaɗe shi a rariya, abin da ya rage a zuba a kwalba da sinadarin fomalin, a rubuta wuri da rana da lokaci. Kwalbar da ba a rubuta mata komai ba, shara ce.

Fitar nan ita ce ɓangaren daɗi. Bayanta akwai makonni a ɗakin gwaje-gwaje, ido a kan madubin ƙara girma, kana ware tsutsa daga dodon koɗi kana ƙirgawa. Mutane suna raina wannan, ni kuwa a wurina nan ne ainihin ilimin yake. Ruwa yana wucewa, abin da ka auna da safe kafin la'asar ya sauya. Kifi kuma idan wuri ya ɓaci sai ya ƙaura. Amma halittun cikin taɓo ba su da inda za su, duk abin da aka zuba a ruwan a kansu yake ƙarewa. Idan ka ɗebo taɓo ka tarar da iri-iri masu yawa, wurin yana da lafiya. Idan ka tarar duk sun ɓace sai wata jar tsutsa da ake kira Capitella ta cika wurin, to an daɗe ana zuba ƙazanta, ko da ruwan saman ya yi maka kyau a ido. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya iya karanta taɓo haka, kamfanoni nemansa suke yi, don irinsu ba su da yawa a ƙasar nan.

Lagun ɗin yana da wani hali da ya sa ya zama makaranta mai kyau. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Na lagun kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da damina, idan kogin Ogun da sauran rafuka suka cika, sai su tura ruwan gishiri baya har lagun ya koma kusan ruwan daɗi. Da rani teku ta sake shigowa ta mashigar Apapa, gishiri ya hau. Kifayen da ke ciki ma sauyawa suke yi da lokacin. Da wannan za ka fahimci ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe hanyar jiragen Ikorodu duk ƙarshen damina. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shigo ruwan Legas a 1984 ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin. Ba ta jure gishiri, shi ya sa take yin ƙarfi lokacin da lagun ya yi daɗi, sannan ta mutu ta nutse idan rani ya yi nisa. Ruɓewarta a ƙasa tana cinye oksijin, kuma idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ko dai ya gudu ko ya mutu. Ka ga a abu ɗaya an haɗa ilimin tsirrai da na sinadarai da na yanayi, har da sufurin mutanen da ke zuwa aiki daga Ikorodu.

Shi ya sa nake gargaɗin duk mai shigowa don ya tsere wa lissafi da fiziks: ba ka tsere ba. Dubi tarihin Bar Beach, rairayin bakin teku na Victoria Island. Igiyar ruwa a gaɓarmu tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu suka yi dogayen katangu cikin teku don kada yashi ya toshe mashigar tashar jiragen ruwa. Tashar ta tsira, amma yashin da ya saba wucewa sai ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, gefen Tarkwa Bay, Bar Beach kuma ta rasa mai ciyar da ita. Teku ta yi ta cin ta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Yanzu an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangarta, zaizayar kuma ta tsananta can gabas, wajen Alpha Beach da ƙauyukan Lekki, har gwamnatin jiha ta jera wasu duwatsun a can. Mazauna suna ɗora laifin a kan sabon ginin, masu ginin suna musantawa. Irin wannan gardama ba a raba ta da baki, sai da awon gaɓa na shekaru. Kuma kunkurun teku da ke fitowa ta haƙa rami ta yi ƙwai a yashin Lekki, makomarta tana rataye da wannan lissafin yashi.

Maganar inda ake karatu ba ta da tsawo, kuma ka yi sa'a kana Legas. Jami'ar Legas da ke Akoka tana da sashen kimiyyar teku, ana yin digiri a ilimin halittun teku da kuma na kamun kifi da kiwonsa, ga lagun a bayan makarantar. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo tana da sashen kifi. A Victoria Island akwai Kwalejin Tarayya ta Kifi da Fasahar Teku mai ba da ƙaramar difloma da babba, kuma kada ka raina ta, ɗalibanta sukan fi na jami'a sabawa da aikin hannu. A wajen Legas akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure da Jami'ar Kalaba, wadda ta daɗe tana da cibiyar nazarin teku. Makarantar Oron ta Akwa Ibom kuwa matuƙan jirgi da injiniyoyinsa take yayewa, wani layi ne daban, kada ka haɗa su. A JAMB, bayan Turanci, bayoloji da kemistiri ake nema tare da fiziks ko lissafi, amma ka duba littafin JAMB na shekarar da za ka rubuta don makarantu sukan sauya sharaɗi.

Ga ra'ayina, ko da wasu abokan aikina ba za su so shi ba: ba dole ne digirinka na farko ya kasance da kalmar teku a jikinsa ba. Wanda ya yi ilimin dabbobi ko na tsirrai ko kemistiri ko na ƙananan ƙwayoyin halitta ko ma lissafin ƙididdiga, ya iya shi sosai, sannan ya yi digiri na biyu a fannin teku, sau da yawa ya fi ƙarfi, kuma yana da wurin komawa idan abin bai yiwu ba. A wannan fanni digiri na biyu kusan dole ne ga mai son bincike, na uku kuma ga mai son koyarwa a jami'a. Ka sa wannan a lissafinka tun yanzu, tafiya ce mai nisa.

Abin da zai bambanta ka da 'yan ajinku yawanci ba a aji za ka same shi ba. Ka koyi iyo, wurin wanda ya iya koyarwa kuma a kwamin wanka, ba a Tarkwa Bay ba, don igiyar gaɓar Legas tana jan mutum ciki kuma ta ci ƙwararru. Ka koyi manhajar R ta ƙididdiga da QGIS ta zanen taswira, duka biyun kyauta ne. Hotunan tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai su ma kyauta ne, da kwamfuta da intanet za ka iya zama a Agege ka gwada yadda dajin mangurob na Badagry ko Epe ya ragu daga 2016 zuwa yau, ko yadda aka cike bakin lagun da yashi. Ɗalibin da ya je neman aiki da irin wannan taswira ta hannunsa ya riga ya wuce mai ɗauke da takardar sakamako kawai. Ka iya rubutun Turanci mai tsabta, don rabin aikin rahoto ne da takardar neman tallafi. Yarbancin da ka tashi da shi a Agege dukiya ce, ka riƙe shi. Faransanci ma in ka samu hali, don daga Kwatano zuwa Abijan zuwa Dakar teku ɗaya ce, kifin ba ya nuna fasfo, kuma yarjejeniyar Abijan ta 1981 da ta haɗa ƙasashen gaɓar nan kan kare muhallin teku da harsunan biyu take aiki. Lasisin nutso kuwa, wanda matasa suka fi ɗoki, tsada gare shi kuma a ruwanmu amfaninsa kaɗan ne. Bar shi sai wani ya biya maka.

Yanzu ga tambayar Baba: wa yake biya?

Gidan farko gwamnati ce. Cibiyar Nazarin Teku ta Najeriya, wato NIOMR, an kafa ta a 1975, tana Victoria Island, tana da jirgin bincike mai suna Bayagbona. Nan ne ya fi dacewa ka nemi yin aikin koyon sana'a na SIWES, ko hidimar ƙasa in ta yiwu. Akwai Ma'aikatar Teku da Tattalin Arzikinta da aka ƙirƙiro a watan Agustan 2023, da NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, mai sashen kula da muhallin teku, da NOSDRA da aka kafa a 2006 don bin diddigin malalar mai, da NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, da kuma LASEPA, hukumar muhalli ta jihar Legas. Albashin na gwamnati ne, ka san abin da nake nufi, kuma ba kullum ake ɗauka ba. Amfaninsa shi ne zama lafiya da fansho da damar ƙaro karatu. Matsalarsa kuwa, wani lokaci akwai masani akwai jirgi, babu kuɗin man da za a fita.

Gida na biyu, wanda a gaskiya ya fi ɗaukar matasa, shi ne kamfanonin da ke rubuta rahoton tantance illar aiki ga muhalli. Tun 1992 doka ta wajabta cewa duk babban aiki sai an yi wannan bincike kafin a fara. To dubi abin da ake yi a gaɓar Legas kawai: tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, matatar Dangote a Ibeju-Lekki, babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, ga yasar ruwa da haƙar yashi da shimfiɗa bututu da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Kowane irin wannan aiki yana buƙatar wanda zai ɗebo ruwa da taɓo da filankiton, da damina da kuma rani, sannan a ci gaba da sa ido bayan an gama. Kamfanonin mai na cikin teku ma haka, sai dai kafin ka taka dandamalinsu sai ka yi kwas ɗin tsira da rai da ake kira BOSIET. Kuɗin nan ya fi na gwamnati, amma na kwangila ne, wata uku kana fama, wata biyu kana zaune.

A nan kuma jarrabawar mutunci take. Wanda za a bincika shi ne yake biyan mai binciken. Na taɓa karanta rahoton wani kamfani a kan wani wuri da ke can cikin teku, sai ga jerin kifayen ruwan daɗi a ciki, da tarwaɗa da ƙarfasa, alamar daga wani tsohon rahoton kogi aka kwafo ba wanda ya je wurin. Za a zo maka da irin wannan, a ce ai kowa haka yake yi, cike mana teburin kawai. Ka sani cewa masu wannan aiki a Najeriya ba su da yawa, duk an san juna, kuma da zarar an san alƙalumanka na ɗaki ne, manyan ayyukan da bankunan ƙasashen waje ke ba da bashinsu, waɗanda su ne masu tsoka kuma ana bin diddiginsu, sun wuce ka ke nan.

Gida na uku ƙungiyoyin kare muhalli ne. Babbarsu a nan ita ce Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, wadda aka kafa a 1980, ita ce mai dajin Lekki mai faɗin hekta 78 inda mutane ke zuwa hawa gadar sama. Akwai ƙananan ƙungiyoyi masu aikin kunkurun teku da dashen mangurob da kwashe robobi. A yankin Ogoni kuma, bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan gurɓatar da mai ya yi wa yankin, hukumar HYPREP tana aikin tsabtace ƙasa da sake dashen mangurob. Aikin ƙungiya yana da daɗi ga mai kishi, amma da tallafi yake rayuwa: tallafi ya ƙare, albashi ya tsaya. Kada ka yi shekaru kana aikin sa-kai kyauta da sunan neman ƙwarewa. Wata shida zuwa shekara ya isa ka koyi abin koyo.

Akwai gida na huɗu da masu son kare halittu suke ɗan raina shi, wato harkar kifi kanta. Alƙaluman da gwamnati ta saba bayarwa sun nuna ƙasar nan tana buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa bai wuce sulusin haka da yawa ba, sauran daskararre ne ake shigowa da shi, irin wanda ake saukewa a Ijora. Wanda ya san ingancin ruwa da cutar kifi da ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa ba zai rasa abin yi a gonakin Ikorodu da Epe ba, kuma zai iya kafa tasa. Da yawa daga cikinmu wannan ne yake riƙe gida lokacin da bincike ya yi sanyi.

Game da kare halittu kuwa, akwai abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba: mafi yawan aikin da mutane ake yin sa, ba da dabbobi ba. Kunkurun teku iri biyar ne suke zuwa ruwanmu. Doka ta hana manyan jiragen jan taru shiga mil 5 na kusa da gaɓa, ta kuma tilasta wa masu kamun jatan lande sa wata ƙofa a tarunsu da kunkuru zai fita. Amma masuncin kwalekwale da kunkuru ya faɗa ragarsa ya yayyaga ta, ragar nan bashi ya ci ya saya, ga nama a gabansa da zai iya sayarwa, me za ka ce masa? Idan ka zo masa da doka kawai, gobe zai yanka a ɓoye. Haka ayu, wanda Bahaushe ya sani a kogin Binuwai da Neja, yana nan a ruwan Badagry da Epe. Macen takan yi kusan shekara da ciki ta haifi ɗa ɗaya, don haka kowane ɗaya da aka kashe giɓi ne mai wuyar cikewa. Dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985 ta hana farautarsa, tun 2013 kuma an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma har yau ana farautarsa don nama da mai. Matar da ke saran mangurob ba ƙiyayya take yi da shi ba, itacen banda kifi take nema. Shi ya sa murhun banda mai cin itace kaɗan, irin wanda NIOMR ta ƙera, ya fi dogon jawabi tsare daji. Za ka zauna da ƙabilun masunta, Egun na Makoko da Ilaje da Ijaw, da masuntan Gana, ka gaida sarkin gari kafin ka taɓa ruwansa, ka kuma yarda cewa tsohon da ya shekara arba'in yana kamun kifi ya fi ka sanin inda kifi ke ƙwai. Kai abin da ka fi shi da shi shi ne awo da rubutu.

Ko lissafin kifi da su ake yi. Yadda mai sayen saniya a kasuwar Oko-Oba yake buɗe baki ya duba haƙori ya san shekaru, haka ake ciro wani ɗan ƙashi a kunnen kifi a ƙirga zobban jikinsa. Sai dai a ruwanmu mai ɗumi duk shekara zobban ba sa fitowa sosai, saboda haka mun fi dogara da awon tsawo: ka je bakin ruwa inda ake sauke kifi, kamar kasuwar Epe, wata bayan wata, ka auna ɗaruruwa. Idan ka ga girman da ake kamawa yana raguwa, har yawancinsu ba su kai yin ƙwai ba, to an fi ƙarfin ruwan. Mai kifin da ba ta yarda da kai ba kuwa ba za ta bari ka taɓa kwandonta ba.

Cewar da aka yi Bahaushe ba shi da alaƙa da wannan aiki, ban yarda ba. Sarkawa da Kabawa masunta ne tun kaka da kakanni, ga Argungu shaida, ga kasuwar kifin Baga. Kuma ruwan Arewa da ke bin kogin Neja da Binuwai a teku yake ƙarewa. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba da ta Shiroro, suna tare yashi da lakar da a da suke gangarawa su gina gaɓar Neja Delta. Ta ɓangaren aiki ma wannan riba ce gare ka. Awon da ka koya a lagun shi ne za ka yi a Tiga ko Tafkin Chadi ko fadamar Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wurin da a 2000 ya zama na farko a Najeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, akwai cibiyar APLORI a Jos mai ba da digiri na biyu a kimiyyar kare halittu. Masanin ruwa mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ƙungiyar da ke da aiki Kudu da Arewa ba za ta sake shi da sauƙi ba. Sallah ma ba matsala ba ce a jirgi, ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi. Abin da ya fi wahala shi ne fita aiki da azumi a watan Maris cikin kwalekwale marar rumfa, sai ka koyi tsara fitarka da asuba.

Ƙaro karatu a waje yana yiwuwa, kuma da tallafi ake zuwa, ba da kuɗin Baba ba. Akwai Erasmus Mundus na Turai, da DAAD na Jamus, da Commonwealth da Chevening na Birtaniya, da asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, a gida ga abin da ya shafi muhallin mai. Jami'ar Harkokin Teku ta Duniya tana Malmo a Suwidin, ta fi karɓar waɗanda suke aiki a hukumomin teku. Kusa da mu kuma, Jami'ar Cape Coast ta Gana tana da cibiyar nazarin gaɓa mai ɗaukar ɗaliban Afirka ta Yamma. Duk waɗannan sakamako mai kyau suke dubawa, aƙalla babban mataki na biyu, da shaidar cewa ka taɓa yin bincike na gaske. Saboda haka aikin shekarar ƙarshe kada ka saya, kada ka kwafa. Ka zaɓi ƙaramin wuri ɗaya, ka auna shi da damina da rani, ka rubuta abin da ka gani.

Kafin ka cike fom, ka gwada kanka da abin da bai fi kuɗin mota ba. Je dajin Lekki, je kasuwar kifi ta Epe da sassafe lokacin da kwalekwale ke dawowa, shiga jirgin ruwa daga Ikorodu ka ji ko cikinka yana ɗauka. Je Akoka ka nemi ɗaliban ajin ƙarshe na sashen teku ka tambaye su ina waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce suke yanzu, amsarsu ta fi tawa sabunta. Idan bayan haka ranka yana nan, ka je wa Baba da tsari a hannu: ga karatun, ga wuraren da ake ɗauka, ga kiwon kifi da koyarwa da aikin ɗakin gwaji idan na farkon bai samu ba. In akwai wani babba da yake jin maganarsa, kawunka ko limamin unguwarku, ka fara bi ta wurinsa. Kuma ranakun hutu ka riƙa binsa Mile 12 ɗin, don kuɗin littafi da na shiga kwalekwale a shekarar ƙarshe daga nan za su fito. A fom ɗin JAMB ka sa Akoka a zaɓin farko, kwalejin Victoria Island kuma a gurbin difloma, don kada shekarar ta wuce ka a gida idan makin jami'a bai kai ba.